Kuɗin haraji a binciken makamashi: jari ne ko zuba ruwa a rariya?

Mai Lissafi: Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai bari in amayar da shi. Me ya kai gwamnati zuba kuɗin haraji a binciken sabbin fasahohin makamashi? Ban ce gina tashar lantarki ba, wannan an ji. Ina nufin a kwashi miliyoyi a miƙa wa wasu masana, ko wani kamfani da bai taɓa sayar da ko ƙusa ba, a ce ku je ku gwada. A 2009 gwamnatin Amurka ta tsaya wa kamfanin Solyndra ya ci bashin dala miliyan 535 don ƙera kayan sola. A 2011 ya rufe ƙofa, ya sallami ma'aikata sama da 1,000, kuɗi kuma suka bi ruwa. In abu na da riba, ba a roƙon ɗan kasuwa ya shiga. In babu riba, don me za a ɗora wa mai biyan haraji?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, duk wanda zai yi wannan magana da Solyndra yake buɗewa, kamar babu wani suna a littafin. Ofishin nan dai da ya tsaya wa Solyndra a Ma'aikatar Makamashi shi ya ba Tesla rancen dala miliyan 465 a 2010, kuma sun biya tsaf a 2013, shekaru kafin wa'adi. Sannan ka duba abin da ya kashe Solyndra. Sun ƙera nasu faifan da siffar bututu, ba tare da silikon ba, saboda a 2008 kilo ɗaya na tataccen silikon ya haura dala 400. Lissafinsu shi ne tsadar za ta dore. Sai masana'antu suka yawaita, farashin ya zube ƙasa warwas, faifan sola na yau da kullum ya yi araha fiye da nasu. Wato arahar sola ce ta kashe su, alhali arahar ake nema tun farko.

Mai Lissafi: Ai misalin Tesla ni ya taimaka wa, ranki ya daɗe. Da sun karye, asarar ta jama'a ce. Da suka yi nasara, gwamnati ta karɓi kuɗinta da ɗan ruwa, masu hannun jari suka kwashe biliyoyi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Injiniya: Wannan kam ban musa maka ba. Da sun nemi kaso a hannun jari da ya fi. Amma ka lura, yanzu kukanka ya koma kan yadda aka rubuta yarjejeniya, ka bar batun ko ya dace a ba da kuɗin.

Dakta: Ku yi haƙuri in tsoma baki. Kuna cakuɗa abubuwa uku. Akwai kuɗin bincike a ɗakin gwaji, akwai rance don gina masana'anta, akwai kuma tallafin saye da ake ba masu amfani da kayan. Solyndra da Tesla duk na biyu ne. Tambayar Malam ta farko a kan na ɗaya take, kuma amsarta mai sauƙi ce: ɗan kasuwa ba ya biyan kuɗin ilimin da ba zai iya kullewa a aljihunsa ba. Ka kashe shekara 15 kana gano yadda wani sinadari ke riƙe caji, ranar da ka wallafa, abokin gasarka ya karanta kyauta. Ko ka yi rajistar mallaka, shekara 20 ce, kuma a harkar makamashi sau da yawa kafin abu ya fita daga ɗakin gwaji ya shiga kasuwa wa'adin ya kusa cika. Wane manaja ne zai sa hannu a kan wannan?

Mai Lissafi: To ai faifan sola na farko mai amfani kamfani ne ya yi shi, ko ba haka ba? Bell Labs.

Dakta: Haka ne, 1954, yana juya kusan kashi 6 cikin 100 na hasken rana zuwa lantarki. Amma wa ya saya? Babu kowa, don tsadarsa ta wuce hankali. Abin da ya raya shi shi ne tauraron ɗan'adam. Vanguard 1 da aka harba a 1958 da sola ya yi aiki, kuma shekara da shekaru gwamnati ce kusan kaɗai mai saye, domin a sararin samaniya ba a tambayar farashi. Bayan rikicin mai na 1973 sai Japan ta buɗe shirinta na Sunshine a 1974, Amurka ta kafa cibiyar binciken sola a jihar Kolorado a 1977. A wannan shekarar wat ɗaya na sola ya kai wajen dala 76. Yau bai kai rabin dala ba.

Auta: Salam manya. Ni fa duk wannan sola da batir ƙananan abubuwa nake ganinsu. A ranar 5 ga Disamba 2022 an haɗe ƙwayoyin zarra a Kalifoniya aka samu makamashin da ya fi wanda aka zuba. Irin wutar da ke cikin rana kenan fa! In wannan ya tabbata an gama da matsalar lantarki har abada. A nan ya kamata a zuba duk kuɗin.

Injiniya: Auta, sannu da zumuɗi. Ga lissafin. Hasken lesa guda 192 suka kai megajul 2.05 kan ɗan ƙwayar man da bai kai girman ƙwayar barkono ba, aka samu megajul 3.15. Gaskiya ne, kuma babban abu ne a kimiyya. Amma kafin lesar ta fitar da wannan 2 ɗin, sai da ta sha wajen megajul 300 daga layin lantarki. Ka ba da 300 ka karɓi 3. Kuma wurin ba don samar da lantarki aka gina shi ba, don kula da makaman nukiliyar Amurka ne ba tare da gwajin fashewa ba.

Auta: Kai, Anti, kin kashe mini jiki.

Baba Dattijo: Ɗana, kada jikinka ya mutu, amma ka ji daga bakin wanda ya riga ka. Ina saurayi na karanta cewa saura shekara 30 a samu wannan wuta. Na yi aure, aka ce saura 30. Yanzu ina da jikoki, har gobe saura 30 ɗin nan ba ta ragu sosai ba. Aikin ITER, tashar gwajin irin wannan wuta da ake ginawa a kudancin Faransa, tun ganawar Reagan da Gorbachev a Jeniba a 1985 aka fara maganarsa. An sa hannu a 2006. Aka ce za a kunna a 2025, sai a 2024 suka fito da sabon jadawali, fara gwaji a 2034, ainihin man kuma sai 2039. Kuɗin da aka ƙiyasta da farko wajen yuro biliyan 5 ne, yanzu ya haura 20. Ni dai ba na sa ran gani da idona.

Mai Lissafi: Baba, Allah ya ƙara nisan kwana. Ka faɗi abin da nake son faɗa. Kamfani in ya ga rami yana tsayawa, don kuɗinsa ne. Gwamnati kuwa in ta fara tono sai ta ƙara siyo cebur.

Baba Dattijo: Amin. Amma kada ka ja ni ɓangarenka gaba ɗaya. Ramukan da ka ce suna nan, na san su. Shugaban Amurka Carter ya kafa hukumar ƙera man roba daga kwal a 1980, farashin ɗanyen mai ya faɗi, aka rushe ta tsakiyar shekarun 1980. Faransa ta gina Superphénix, tashar nukiliyar da aka ce za ta haifi man da ya fi wanda take ci, ta yi ta lalacewa har aka rufe ta a ƙarshen shekarun 1990. Japan ta yi irinta mai suna Monju, sinadarin sodiyam ya zuba ya kama wuta a 1995, aka yi ta jinya har 2016 kafin a haƙura. Amma Faransar nan dai ita ce ta ɗauki shirin Messmer na gina tashoshin nukiliya a 1974, kuma yau kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya yake fitowa. Gwamnati guda, hannu guda, wani ya kama, wani ya suɓuce.

Dakta: Bambancin da nake so mu tsaya a kai kenan. Ni ban damu da a yi asara ba. Binciken da aka san sakamakonsa tun kafin a fara ai ba bincike ba ne. Abin dubawa shi ne girman kowace caca, da kuma ko akwai mai ikon cewa a tsaya.

Ku dubi injin iska. Jamus ta ce za ta yi tsalle ɗaya ta kai ƙarshe. Ta ba manyan kamfanoni kwangila suka gina Growian a 1983, megawat 3, faɗin fukafukansa mita 100, mafi girma a duniya a lokacin. Ƙarfe ya yi ta tsagewa. Duk rayuwarsa bai yi aikin awa 500 ba, aka kwance shi. A maƙwabciyarta Denmak kuwa, ƙananan maƙera da masu ƙera kayan noma ne ke yin injina 'yan kilowat 20 zuwa 55. Gwamnati ta buɗe tashar gwaji a Risø a 1978, daga 1979 kuma ta riƙa biya wa mai saye kashi 30 cikin 100 na kuɗin injin, da sharaɗin tashar ta gwada samfurin ta amince. In fiffike ya karye, asarar kaɗan ce, kuma kowa ya ji dalili, na gaba ya gyara. Daga cikin masu kayan noman nan Vestas ta fito. Duka biyun kuɗin gwamnati ne, amma ɗaya ya sayi darasi ɗaya mai tsada, ɗayan ya sayi darussa ɗaruruwa masu araha.

Injiniya: Kuma wannan tunanin ne ya haifi ARPA-E, hukumar Amurka mai ba da kuɗin binciken makamashi. An kwaikwayi DARPA ta sojan Amurka, wadda aka kafa a 1958 bayan Rasha ta ba su mamaki da tauraron Sputnik, wadda kuma daga aikinta intanet ta samo asali. Majalisa ta amince da ARPA-E a 2007, kuɗin farko dala miliyan 400 ya zo a 2009. Tsarinsu shi ne a ɗauko ƙwararre daga jami'a ko kamfani a ba shi 'yan shekaru kawai, ya zaɓi matsala ɗaya, ya raba kuɗi kaɗan-kaɗan ga ƙungiyoyi da yawa masu hanyoyi daban-daban. Kowa da matakan da zai cika a rubuce. Ka kasa cikawa, a yanke kuɗin a ba wani. Tun da shi jami'in ba zai tsufa a kujerar ba, ba shi da dalilin rufa wa mataccen aiki asiri.

Mai Lissafi: A takarda yana da daɗi. Amma nuna mini abu ɗaya da ARPA-E ta yi wanda ya kai intanet.

Injiniya: Babu tukuna. Sai dai ka tuna ARPANET, kakar intanet, ta fara aiki a 1969, jama'a kuma ba su san intanet ba sai shekarun 1990. Akwai kuma gaskiyar da ba zan ɓoye ba: DARPA tana da mai saye a shirye, wato soja, wanda ke biyan ko nawa ne. ARPA-E ba ta da shi. Lantarkin sabuwar fasaha da na tsohuwar tashar kwal iri ɗaya ne a soket, ba wanda zai ƙara maka kobo don naka sabo ne. Dole ka fi araha tun ranar farko, kana gasa da wanda ya yi shekara 100 yana gyara nasa.

Uwar Marayu: Ina ta karatu ban ce komai ba. Ni tambayata ɗaya. Asibiti na neman kuɗi, makaranta na nema, sai a ce a kai wa masu gwajin abin da ƙila ba zai yi ba? Ku gaya mini nawa ake magana a kai.

Dakta: Hajiya, tambayarki a kan hanya take. Kasafin ARPA-E bai taɓa kai dala rabin biliyan a kasafin shekara na yau da kullum ba, a ƙasar da ke kashe sama da biliyan 800 a tsaro. Ko a haka gwamnatin Trump ta farko ta nemi a soke ta a 2017, majalisa ta ƙi. Kuma abin da ke dawowa ba a cika ganinsa ba don ba ya zuwa da biki. Injin firji mai ƙarancin cin wuta da gilashin taga mai hana zafi wucewa, duk akwai kuɗin binciken gwamnati a cikinsu tun shekarun 1970 da 1980. Ba wanda ya yanka ƙyalle, amma duk wata ana rage kuɗin wuta a miliyoyin gidaje. Firjin ajiye rigakafi mai aiki da sola a asibitin da babu layin lantarki, shi ma jikan wancan tauraron na 1958 ne.

Uwar Marayu: To, na ji. Amma dai a riƙa faɗa wa mutane inda kuɗin ya tafi, har da wanda ya lalace.

Dakta: Wallahi na yarda. Bari in ba ku nawa labarin, don abin da ya fi cin raina ba a ambace shi ba. Na taɓa aiki a wata ƙungiya da ta samu tallafin shekara uku kan kayan batir. Muna da wani akwatin gilashi mai safar hannu a manne, cike da iskar argon, domin lithiyam ba ya shiri da iska ko danshi. Kana zura hannu cikin safar kana haɗa ƙananan batura kamar kwabo, ka jera su a na'urar da ke caja su tana sauke su dare da rana. Sai sun yi zagaye ɗaruruwa kafin ka san ko abin da ka haɗa yana da amfani. Mun kai wata 14 muna wannan. Sai kasafi ya canza a sama, kuɗin shekara ta uku ya maƙale. Ba a ce aikin ya gaza ba, ba wanda ma ya zo ya duba. Tukunyar argon ta ƙare, babu kuɗin sayen wata. Na shigo wata safiya na leƙa, lithiyam ɗin da yake ƙyalli kamar azurfa ya koma baƙi ƙirin. Ɗalibar da ta fi kowa iya haɗa baturan ta samu aiki wani wuri ta tafi, kuma ba ta yi laifi ba. Bayan wata tara kuɗin ya fito. Muka koma farko, da sabon ɗalibin da sai an koya masa yadda ake riƙe hantsaki cikin safa.

Da an zo an duba an ce hanyarku ba za ta ɓulle ba, a rufe, da na ji zafi kwana biyu na haƙura. Wannan kuwa an yi ba a yi ba, kuɗin shekara biyu ya tafi a banza kuma ba a koyi komai ba.

Baba Dattijo: Allah ya mayar da alheri, Dakta. Abin da ya same ka a ɗaki ɗaya shi ya samu ƙasa guda. Carter ya ɗora na'urorin dumama ruwa da rana a rufin fadar White House a 1979. Reagan ya hau, aka zaftare kuɗin binciken sola, a 1986 aka sauke na'urorin ma. Masana suka watse. Jagorancin ya koma Japan, daga nan Jamus, daga nan Sin.

Mai Lissafi: Yauwa, Baba ka kawo ni gida. Wa ya ci ribar? Martin Green da ɗalibansa a Ostireliya suka ƙirƙiro fasahar PERC ta ƙara ƙarfin faifan sola a shekarun 1980. Jamus ta yi dokarta a 2000 ta ce duk wanda ya sa sola za a sayi wutarsa a farashi mai tsoka har shekara 20, masu biyan kuɗin wuta suka ɗauki nauyin. Yau fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙera kayan sola a Sin ake yi, kamfanonin Jamus kuwa suka yi ta karyewa. Batir ma haka. A123 ta samu tallafin dala miliyan 249 a Amurka a 2009, ta karye a 2012, kamfanin Sin ya saye ta. To ƙasa mai wayo sai ta naɗe hannu ta jira wani ya yi binciken, ta kwafa.

Injiniya: Sin ba naɗe hannu ta yi ba, Malam. Shi Zhengrong da ya kafa Suntech a 2001 ɗalibin Green ne, ya yi digirinsa na uku a wajensa. Da ba su da mutanen da suka san abin ciki da waje, da ko an ba su zanen kyauta ba za su iya ba. Kwafa ma sai mai ilimi. Sannan gwamnatocin larduna da bankunan gwamnati sun zuba kuɗi, fili da rance mai sauƙi, kuma su ma sun sha asara, Suntech ɗin kanta ta durƙushe a 2013. Abin da suka fi wasu shi ne ba su janye hannu ba bayan faɗuwar farko. A masana'antar sola duk lokacin da jimillar abin da aka ƙera ya ninka, farashi na sauka da kusan kashi 20 cikin 100. Wannan saukar a cikin masana'anta ake samunta, a hannun masu gyara inji da rage ɓarnar silikon, ba a ɗakin gwaji kaɗai ba.

Auta: Amma Anti, in Bajamushe ya biya, ɗan Sin ya ƙera, mai saye a ko'ina a duniya ya samu da araha, ai ba a yi asara ba ke nan?

Mai Lissafi: Je ka faɗa wa ma'aikacin da aka rufe wa masana'anta.

Dakta: Ku biyun duk kuna da gaskiya, shi ya sa 'yan siyasa ke shan wahalar kare wannan kuɗi. Wani abin kuma da masu son makamashi mai tsafta ba sa son ji: iskar gas da Amurka ke haƙowa daga cikin dutsen shel, ita ma da hannun gwamnati. Shirin binciken ya fara a 1976, akwai rangwamen haraji daga 1980, dakunan gwajin gwamnati sun taimaka da fasahar gano inda dutse ke tsagewa a ƙarƙashin ƙasa. George Mitchell ya yi kusan shekara 17 yana fama a Teksas kafin ya dace a ƙarshen shekarun 1990. Yanzu kuma fasahar haƙa ta kwance da aka gwanance a kanta a wannan harka ita ake ɗauka a Yuta ana neman zafin ƙarƙashin ƙasa da ita don yin lantarki. Wanda ya sa hannu a kasafin 1976 bai taɓa mafarkin haka ba.

Mai Lissafi: To bari in rage buri. In za a yi, sharuɗɗana uku. A raba kuɗin ƙanana ga mutane da yawa. A sa wanda zai iya kashe aiki ba tare da ɗan majalisar yankin ya kira shi a waya ba. In kuma abu ya yi riba, jama'a su samu kasonsu. Amma irin su ITER har yanzu ban gamsu ba.

Injiniya: Na biyun nan shi ne mai wuya. Da zarar aiki ya ɗauki ma'aikata 2,000 a mazaɓar wani, ya zama ɗan gata. Ka ƙara na huɗu saboda Dakta: in an yi alkawarin shekara uku a ajiye kuɗin shekara ukun tun ranar farko.

Auta: Ni dai ban sauka daga kan bakata ba. Commonwealth Fusion mai neman lantarki ta haɗe ƙwayoyin zarra, wadda ta fito daga jami'ar MIT, ta tara dala biliyan 1.8 daga 'yan kasuwa a 2021. In shirme ne ai ba za su sa kuɗinsu ba, ko ba haka Malam ya ce a farko ba?

Mai Lissafi: Yaron nan ya harbe ni da bindigata.

Baba Dattijo: Ka tambaye shi wa ya biya kuɗin na'urar gwajin da suka yi shekaru suna koyo a kanta a jami'ar kafin 'yan kasuwa su leƙo. Ni zan tashi, an kira salla. Dakta, in na dawo ina so ka yi mini bayanin batirin sodiyam ɗin nan da ake ta magana, shin da gaske zai iya maye gurbin na lithiyam ko kuwa shi ma saura shekara 30?